Yadda Na Samu Aikin Taimaka Wa Malami A Lab Ɗin Kemistiri A Jidda, Da Yadda Kai Ma Za Ka Nema

Cikin wata ɗaya ƙannena uku 'yan Kano da Damagaram suka tare ni a masallacin sakan, wato gidan kwanan ɗalibai, bayan Isha'i da tambaya iri ɗaya: "Yaya, ya aka yi kake tsayawa a lab ɗin 'yan shekarar farko da farar riga, alhali kai ma ba ka gama digiri ba?" Na gaji da maimaita amsa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mu fara raba sunaye, don a nan mutane ke ruɗewa. Mu'id a jami'o'in Saudiyya ma'aikaci ne da ya riga ya gama digirinsa, jami'a ta ɗauke shi da albashi, kuma galibi 'yan ƙasa ake ba wa wannan kujera. Ba ita kake nema ba. Abin da ɗalibi zai iya samu iri biyu ne. Akwai shirin da ake kira tashgil tullabi, wanda ofishin shugaban harkokin ɗalibai ke gudanarwa, inda ake ba ɗalibi 'yan sa'o'in aiki a laburare ko ofis ko lab a biya shi gwargwadon sa'o'in. Akwai kuma taimako na sa-kai, wanda kai da malamin kwas kuke ƙullawa da amincewar shugaban sashe. Ni da na biyun na fara, zango guda ban ga ko riyal ɗaya ba. Ka je ofishin da ƙafarka ka tambaya ko ɗalibin minha, wato mai karatu da tallafin karatu, yana cikin waɗanda shirin ya shafa a jami'arku, domin kowace jami'a da sharuɗɗanta. Kuma ka tuna iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta karatu ce. Duk abin da za ka yi ya tsaya cikin jami'a, da takarda a hannu.

Maki na da muhimmanci, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. Yawancin jami'o'in nan a kan 5 suke lissafin matsakaicin maki, wasu kamar Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran a kan 4. Babu malamin da zai damƙa maka 'yan aji ashirin da biyar idan da kyar ka tsallake kwas ɗin da za ka taimaka a kai. To amma masu cin 95 cikin 100 a kwas suna da yawa. Abin da ya bambanta ni da su, kamar yadda Dakta, malamin kwas ɗin, ya faɗa mini daga baya, shi ne ya sha ganina ina wanke kwalabe bayan kowa ya gudu cin abincin rana. Ban yi don a gani ba, layin gidan abinci nake jira ya ragu. Allah ya sa ya zame mini alheri.

Lokacin neman shi ne makonni biyun ƙarshe na zangon da ake ciki, kafin a raba jadawalin mai zuwa. Kada ka tura saƙon imel ka zauna jira, zuwa da kai ya fi aike. Ka samu malamin kwas ɗin a sa'o'in da ya rubuta a ƙofar ofishinsa, ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka faɗi kwas ɗin da ka yi a hannunsa da makin da ka ci, sannan ka ce kana son tsayawa a lab ɗin kemistiri na gama-gari a rana kaza, ƙarfe kaza. Ka riƙo jadawalinka a buge. Mako a nan daga Lahadi zuwa Alhamis ne, lab ɗin kuma yakan ci sa'o'i biyu zuwa uku a jere, don haka wanda ya zo da gurbin da ya riga ya share ya sauƙaƙa wa malami aiki. Ga 'yan'uwa mata hanyar ɗaya ce, sai dai a sashen mata za a bi ta, wurin malamar kwas.

Idan an amince, mutum na farko da za ka nema shi ne fanni, wato ma'aikacin da ke riƙe da makullan lab da ma'ajiyar sinadarai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Shi ya san ma'aunin da ke ƙara nauyi, da buret ɗin da famfonsa ke ɗiga (buret dogon bututun gilashi ne mai layukan awo da ake ɗiga ruwa da shi), da kwalbar da aka buɗe tun bara. Namu dattijo ne ɗan Sudan, da "ya ammu" nake kiransa, wato baffa, kuma rabin abin da na iya da hannuna daga gare shi na koya, a kan kofin shayi.

Ga dokar da nake so ka ɗauka ko da ka watsar da sauran: duk gwajin da ɗalibai za su yi gobe, ka yi shi kai kaɗai yau, da sinadaran da za su taɓa, daga kwalbar da za a ajiye musu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bari in gaya maka yadda na koyi wannan.

Mako na huɗu ne, gwajin mu'ayara, wanda a littafin Turanci ake ce wa taitireshan. Ana ɗiga ruwan sodiyom haidiroksaid daga buret cikin asid har sai launi ya juya. An ce in haɗa ruwan mai ƙarfin 0.1, wato mol 0.1 a lita ɗaya (mol ma'aunin yawan sinadari ne), lissafi mai sauƙi: giram 4 a lita ɗaya, tunda nauyin mol ɗinsa giram 40 ne. Na auna, na narkar, na cika zuwa layi, na manna takarda na rubuta 0.1000 da babban alƙalami ina ji da kaina. Abin da na sani a takarda amma hannuna bai sani ba shi ne ƙwayoyin sodiyom haidiroksaid suna shan danshi daga iska tun suna kan ma'auni, ga kuwa danshin Jidda ba sai an faɗa ba. Ina waya a lokacin, na bar su a buɗe har suka fara sheƙi. Wani ɓangare na giram 4 ɗin nan ruwa ne kawai. Washegari kowane ɗalibi ya samu amsar da ta haura ta gaskiya da kusan kashi 6 cikin ɗari. Na zauna da jan biro ina zagaye musu lambobi, ina cewa a raina yaran nan ba su iya karanta buret ba. Ammu ya leƙo ta kafaɗata, ya duba takardu biyar, ya ce, "Ɗana, mutum ashirin da biyar ba sa kuskure iri ɗaya." Ya ɗauko hodar KHP, wani asid da ake gwada ƙarfin irin wannan ruwa da shi, wadda ya busar a tanda, ya auna giram 0.5. Nauyin mol ɗinta 204.22 ne, don haka ya kamata ta cinye mililita 24.5 na ruwan 0.1. Nawa sai da ya kai 26. Ƙarfinsa na gaskiya 0.094 ne. Ni na je na faɗa wa Dakta da bakina kafin maki ya shiga Blackboard, shafin da jami'a ke saka sakamako. Bai ce komai ba sai, "Nan gaba ka daidaita ruwan kafin ka rubuta masa lamba." Kunyar ranar har yanzu ina jin ta.

Saboda haka ka daidaita kowane ruwa irin na sodiyom haidiroksaid da KHP sau uku, ka rubuta ƙarfin da kwanan wata a jikin kwalba, ka toshe ta sosai don iskar da muke fitarwa ma tana rage masa ƙarfi. Ka bar shi ya huce kafin ka cika zuwa layi, domin yana ɗaukar zafi idan yana narkewa, kwalaben awo kuma a kan digiri 20 aka daidaita su. Tataccen ruwa na lab kaɗai za ka yi aiki da shi.

Ranar lab ka riga kowa zuwa da rabin sa'a. Ka tsaya a bakin ƙofa, don yaƙin farko na takalmi ne. Samari za su zo da silifas da doguwar riga da shimagi, wato mayafin kan maza, a kafaɗa. Ba mai shiga sai da rufaffen takalmi da farar riga an sa maɓallanta da tabarau, shimagi kuma ya zauna a jaka, musamman ranar da za a kunna wuta. Za su roƙe ka, wani ma ya girme ka. Ka ce dokar Dakta ce, ka yi murmushi, kada ka matsa daga ƙofar. Idan ka bar mutum ɗaya a makon farko ka gama yawo. Ka nuna musu wurin wanke ido, ka gaya musu minti 15 ake yi a ƙarƙashin ruwa idan wani abu ya fantsama. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid mai ƙarfi. Asid mai hayaƙi a cikin akwatin zuƙe iska ake buɗe shi. Ba a zuƙar fifet, siririn bututun ɗibar ruwa, da baki.

Da an fara, kada ka zauna. Ka riƙa zagayawa kana duba abubuwa uku da ke ɓata yawancin sakamako: kumfar iska da ta maƙale a bakin buret, karanta lamba daga sama maimakon ido ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, da sakin famfo har kwalba ta yi ja jawur. Finolftalin, sinadarin da ake ɗigawa don launi ya nuna ƙarshen gwajin, ba shi da launi a cikin asid, yana fara juyawa ne wajen pH 8.2 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne), abin da ake nema kuwa ruwan hoda ne mai haske ƙwarai da zai tsaya kamar daƙiƙa talatin. Ka sa musu farar takarda a ƙarƙashin kwalba. Kuma ka riƙe hannayenka a bayanka. Idan ka karɓi famfon ka yi wa yaro, ya samu lamba mai kyau amma ya fita bai iya komai ba.

Littafin da Turanci yake, tambayoyin da Larabcin Hijaz za su zo maka. Ka haddace sunayen kayan da harsunan biyu. Wata rana na zubar da ruwa na ce "kash" da ƙarfi, sai wani yaro a layin baya ya ɗago ya ce, "Sannu." A sunansa akwai Hausawi, haifaffen Makka ne, Hausar da ya iya ta kakarsa ce. Tun daga ranar idan lissafin mol ya shige masa duhu da Hausa muke warware shi a gefe.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi asid haɗari, wato 'yan'uwa. Wani ɗan gida zai same ka a sakan ya ce ka taimaka masa da rahoton bara, ko ka sa masa hannu a takardar halarta ya makara. Ka ce masa ya zo bayan La'asar ku zauna ku yi lissafin tare, ko sa'a biyu za a ɗauka. Rahoto kam a'a, sa hannu a'a. Maki na ƙarshe ba naka ba ne, na mu'id da malami ne, kai dubawa kake yi ka miƙa. Idan takardar abokin ɗakinka ta faɗo hannunka, ka mayar wa mu'id ka faɗa masa dalili.

Lab ɗaya a mako ya ishe ka a zangon farko. Da shiri da tsayuwa da duba rahoto ni yana cin mini kusan sa'o'i bakwai, kuma a zangon da na yi kwaɗayi na karɓi biyu, kwas ɗina na kemistirin halittu ne ya biya kuɗin. Kafin makon jarrabawa ka roƙi malamin ya rubuta maka takardar shaida mai hatimin sashe, a saka sunan kwas da zango da adadin sa'o'i. Ka karɓe ta tun yana nan, domin da an shiga hutun bazara ofisoshi sai iska, malamai da yawa kuma 'yan kwangila ne, kana iya dawowa ka tarar da wani suna a ƙofar.