Yadda Makarantar Sakandare Za Ta Taimaki Ɗalibanta Su Daina Shan Taba

A yawancin makarantunmu, idan aka kama ɗalibi yana zuƙar sigari a bayan banɗaki lokacin tara, hukuncinsa sananne ne: bulala a gaban ɗalibai, yankan ciyawa, ko a kora shi gida ya zo da mahaifinsa. Abin da yaron yake koya daga wannan shi ne ya ƙara iya ɓuya, ya riƙa tauna cingam kafin ya shiga aji, domin bulala ba ta taɓa abin da ke jan sa zuwa bayan banɗakin ba. Abin da ke jan sa shi ne nikotin, sinadarin da ke isa ƙwaƙwalwa cikin kimanin daƙiƙa 10 bayan zuƙa, kuma tun da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama girma sai wajen shekara 25, matashi ya fi babba saurin kamuwa da jarabarsa.

Saboda haka matakin farko shi ne makaranta ta zaɓi malami ɗaya ko biyu da ɗalibai suke sakewa da su, waɗanda ba sa shan taba kuma ba su ne masu ladabtarwa ba, a ɗora musu aikin. Ya kamata malamin ya san illolin taba sani na gaskiya, ya kuma faɗe su ba tare da ƙarin gishiri ba, domin yaron da yake ganin kakansa ya tsufa da sigari a hannu ba zai yarda da wanda ya ce masa taba tana kisa nan take ba. Gaskiyar ma ta isa. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, har da waɗanda shaƙar hayaƙin wasu kawai suke yi. Tana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana tsananta asma, tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka. Sai dai ɗan shekara 16 ya fi jin maganar da ta shafi yau, wato numfashinsa da ke yankewa a filin ƙwallo da kuɗin tara da ke ƙarewa a wurin mai tireda. Dole ne a sako shisha cikin bayanin, domin matasa da yawa, maza da mata, sun ɗauka ruwan tulun yana tace guba, alhali ba ya tacewa, gawayin da ake ɗorawa ma ƙara hayaƙi mai guba yake yi.

Daga nan sai a kafa ƙaramin rukuni, wanda bai wuce ɗalibai goma ba, kowa ya shigo bisa raɗin kansa, a kuma yi alkawarin rufa asiri a cika shi. A nan ne shirin yake tsayawa ko ya rushe, domin ranar da sunayen 'yan rukunin suka isa ofishin ladabtarwa, babu yaron da zai sake zuwa. Ƙungiyar kula da lafiyar huhu ta Amurka tana da shiri irin wannan mai suna Not On Tobacco, wanda ake yin zama goma a ƙananan rukunai, tana kuma da wani mai suna INDEPTH mai zama huɗu, wanda ake ba ɗalibin da aka kama a maimakon dakatar da shi daga karatu. Makarantarmu za ta iya ɗaukar tsarin ba tare da kashe kuɗi ba, aji ɗaya da minti 40 a mako sun wadatar.

A makon farko kada a nemi kowa ya daina. A ce kowane ɗalibi ya riƙa rubuta duk karan da ya sha, da lokacin, da wurin, da wanda suke tare, da abin da yake ji a ransa kafin ya kunna. Bayan kwana bakwai zai ga da idonsa cewa shan nasa yana da ƙa'ida, wataƙila bayan cin abinci ne, ko a majalisar ƙofar gida bayan isha'i, ko duk lokacin da aka yi masa faɗa. Sannan ya zaɓi ranar dainawa cikin mako biyu masu zuwa, ya sanar da aboki ɗaya da ya amince da shi. Watan azumi dama ce babba ga ɗalibai Musulmi, tun da yaro ya riga ya nuna wa kansa yana iya wuni bai sha ba, abin da ya rage a shirya masa shi ne sa'o'in bayan shan ruwa.

Wajibi ne a gaya masa wahalar da ke tafe tun kafin ta zo: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci da kasa mai da hankali a aji, waɗanda suka fi tsanani a kwanaki ukun farko, sannan su ragu cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙishin taba kuwa yana tasowa ne ya lafa cikin 'yan mintuna, don haka abin da ake buƙata shi ne abin da zai shagaltar da baki da hannu na ɗan lokaci, kamar asuwaki, kurɓar ruwa, alwala ko zagaya fili. Ban cika son a ba su goro ba, domin sauya jaraba ne da wata. Wanda ya koma ya sha kada a kore shi daga rukuni, a tambaye shi abin da ya faru a ranar, a sa wata rana, domin yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa. Maganin da ke ba jiki nikotin a madadin sigari ga wanda bai kai shekara 18 ba shawara ce ta likita, kuma duk ɗalibin da tarinsa ya wuce mako biyu, ko wanda yake haɗawa da wiwi ko maganin tari mai sa maye, a tura shi asibiti.

Akwai kuma aikin da ke wajen aji. A Birtaniya an gwada shirin ASSIST, inda ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 suka zaɓi abokansu da ake jin maganarsu, aka horar da su suna hira da sauran yara kan taba, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna an samu raguwar masu shan ta. A Najeriya kuwa, dokar hana yaɗuwar shan taba ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su je da mai unguwa su sanar da masu tireda na bakin makaranta wannan cikin mutunci, sannan malamin rukuni ya sake zama da ɗalibansa a makon farko na dawowa daga kowane dogon hutu, ya ji yadda kowa ya ƙare a gida.