Kurakuran da Ake Yi Wajen Ja wa Kicin Bututun Gas

Tun da kananzir ya fi ƙarfin yawancin magidanta, gawayi kuma ya bi sahu, gidaje da dama a Kano da Kaduna da Zariya suka koma girki da gas, har ta kai masu sabon gini suna ajiye tukunyar gas ɗin a waje, a ja bututu ya ratsa bango ya shigo wurin murhu. Wannan tsari ya fi ajiye tukunya a gefen wuta aminci nesa ba kusa ba, matuƙar wanda ya san aikin ne ya yi shi. Sana'ata kula da aikin gine-gine ce, kuma na gaji da ganin mutum ya kashe miliyoyi a tayil da kabad na kicin, amma da an zo kan bututun gas sai ya fara neman wanda zai yi masa a kuɗin cefanen kwana biyu.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne miƙa aikin ga mai aikin famfo saboda kawai yana wurin, kuma ya ce zai iya. A nasa ganin bututu bututu ne, tunda ya saba yanka shi da haɗa shi. Amma ruwa idan ya yi yoyo yana tona kansa: bango ya jiƙe, fenti ya kumbura, a kira mai gyara. Gas ɗin girki ba ya jiƙa komai, ba a ganinsa, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka yakan sauka ƙasa ne ya kwanta a cikin kabad da bayan firiji da bakin magudana, kamar yadda ruwan sama ke neman kwari. Lita ɗaya ta ruwan gas da ke cikin tukunya tana zama kusan lita 250 idan ta fito ta koma iska, kuma da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tayar da shi. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai ma ba nasa ba ne, sinadari ne ake zuba masa da gangan domin hanci ya gane, kuma hancin mai barci ba ya gane komai.

Mai aikin famfo zai kawo kayan da ya saba da su: bututun roba na PVC ko PPR, da gam, da bawul na ruwa, da farin tef da yake naɗa wa bakin famfo. Babu wanda aka yi domin gas a cikinsu. Bututun roba yana bushewa ya tsage a zafin bazara, idan gobara ta tashi kuma shi zai fara narkewa ya ƙara mata abinci. Layin gas na gida da bututun jan ƙarfe mai kauri ake yinsa, ko baƙin bututun ƙarfe, mahaɗar jan ƙarfen kuma a buɗa bakinta da na'ura a ɗaure da noti, ko a yi mata waldar tagulla mai ƙarfi. Dalmar da ake liƙe gwangwani da ita ba ta da wuri a wannan aiki.

Wannan kuskure ya ci mini kuɗi a gidana na kaina, shi ya sa ba na sassauta magana a kansa. Lokacin ginin, wani mai aikin famfo da na daɗe ina ba shi aiki ya ja layin, ya binne shi a cikin bango tare da bututun ruwa, aka yi filasta, aka manna tayil. Aka tare, sai uwargida ta riƙa cewa tukunya mai kilo 12.5 ba ta kai mana kwanakin da take kaiwa a tsohon gida, muka yi ta zargin masu sayarwa da tauye mudu, muka canza tasha, abin bai canza ba. Sai wata safiya ta hunturu, da aka kwana da tagogi a rufe, warin ya tare ta tun daga ƙofar kicin. Da aka fasa bango aka tarar ya yi mahaɗa biyu a ciki, ɗaya ma bai ɗaure ta sosai ba, siminti kuma ya fara cin jikin bututun da ya binne ba tare da riga ba. Tayil ɗin da aka farfasa ba a sami irinsa a kasuwa ba, dole aka sake na bangon gaba ɗaya, ga kuɗin gas da muka yi watanni muna zubarwa cikin bulo, ga iyali da ƙananan yara da suka yi ta kwana kusa da shi. Da na tuhumi mai aikin famfon, cewa ya yi ai ya shinshina bai ji komai ba.

Daga nan ne kuskure na biyu ya fito, wato rufe aiki kafin a gwada shi. Ƙwararre ba ya shinshinawa. Yana toshe ƙarshen layi, ya hura masa iska, ya ɗaura ma'aunin matsi, ya bar shi na wani lokaci yana kallon allura, idan ta sauka ko da kaɗan ne to akwai yoyo, kuma ba zai bari a kawo siminti kusa ba sai ya gano wurin. Bayan an haɗa tukunya kuma sai ya bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu yana duba ko za ta yi ƙwai. Ni a wurina ƙa'ida ce: ina tsaye ake yin gwajin, da idona nake ganin allurar, kuma ba na biyan cikon kuɗi sai ta tsaya cik. Ban yarda da binne layin gas ba ma gaba ɗaya, ko da yake na san masu aikin da yawa suna yi idan bututun ɗaya ne miƙaƙƙe babu mahaɗa a ciki. Na fi son ya bi jikin bango a fili, a kafe shi da maƙalai, a shafa masa fenti rawaya domin kowa ya san mene ne, inda zai ratsa bango kuma a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi. Matan gida kan ce yana ɓata kyan kicin, ni kuwa har yau ban ga kyan da ya kai a iya bin layi da ido daga tukunya zuwa murhu ba.

Masu gwada yoyo da ashana kuwa, ban san abin da zan ce musu ba. Na ga babban mutum da gemunsa ya ƙyasta ashana yana zagaya wuyan tukunya da ita, wai idan akwai yoyo zai ga ƴar wuta, yara suna tsaye a kansa suna kallo. Duk mai aikin da ya yi haka a gabanka, ka sallame shi nan take ko da ɗan'uwanka ne, kada ka ji nauyinsa. Haka ma maigidan da zai zauna yana ciniki har sai ƙwararre ya yi fushi ya tafi, sannan ya kira yaron shago ya yi masa a rabin farashi, yana murna ya yi wayo. Araha ba ta ado, kuma rabin da aka rage ɗin daga kaurin bututu da ingancin bawul da lokacin gwaji aka cire shi, tunda yaron ba daga aljihunsa zai cika ba.

Gane ƙwararre ba shi da wuya idan mutum ya natsu. Ni nakan fara ne daga babbar tashar gas mai lasisin NMDPRA, hukumar gwamnati da ke kula da harkar sayar da mai da gas, in tambayi wanda ke yi musu aikin bututu ko wanda ke yi wa gidajen abinci da otal-otal na garin, saboda waɗannan wurare ba sa wasa da layinsu. Idan ya zo, ina so in ga takardar horon da ya yi, in ga ma'aunin matsi da na'urar buɗa bakin bututu a jakarsa, in kuma je in duba wani aiki da ya yi wanda ya shekara ana amfani da shi. Sannan nakan saurari tambayoyinsa. Wanda ya san aiki zai tambayi yawan kawunan murhun, da ko akwai tanda, da nisan tukunya, domin da su zai zaɓi faɗin bututu. Zai kuma ƙi wasu abubuwan da ka nema, ya ce nan bai dace da tukunya ba, nan ya yi kusa da waya. Wanda duk abin da ka faɗa sai ya ce "an gama, Alhaji" kuɗinka kawai yake kallo. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, a sa irin kayan da za a yi amfani da su da sharaɗin gwaji.

Wurin ajiye tukunya ma ana yawan kuskure a kansa, kuma tsoron ɓarayi ne ke jawo shi. Sai a gina mata ɗan ɗaki na bulo a rufe ruf, ko a tura ta ƙarƙashin matakala, ko a jingina ta da ɗakin janareta. Abin da take buƙata keji ne na ƙarfe mai raga da iska ke ratsawa har ƙasa, da rufi saboda rana, a kan daɓe, tana tsaye ba a kwance ba, nesa da taga da bakin kwata da ramin sokawe da injin na'urar sanyaya ɗaki. A sa kwaɗo, amma makullin ya zauna a wurin da duk babban da ke gidan ya sani, domin ranar da ake buƙatar rufe gas da gaggawa ba ranar neman maigida a waya ba ce.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Tiyon ban ruwa ba tiyon gas ba ne, na gas yana da rubutu da shekarar ƙira a jikinsa, kuma ni bayan shekara biyu nake canza nawa ko bai nuna komai ba. Kada tiyo ya wuce mita ɗaya da rabi, kada ya ratsa bango, kada ya bi bayan tanda, kuma da kilif ake ɗaure bakinsa, ba da waya ko robar taya ba. Regileta mai ƙarfi irin ta masu suyar ƙosai da manyan tukwanen biki ba ta murhun gida ba ce, na gida ƙaramin matsi yake so, wajen miliba 30. A sa bawul na rufewa a cikin kicin inda hannu zai kai ba tare da ya tsallaka wuta ba. Murhun tokumbo da aka kawo daga Turai sau da yawa an saita shi ne da gas ɗin da ake ja wa gidaje ta bututu a can, wanda ƙofofin fitarsa suka fi faɗi, shi ya sa yake ba da jar wuta mai baƙanta tukunyar girki, sai an canza masa ƙofofin ya dawo shuɗi. A duba shekarar ƙira da tambarin SON, wato hukumar kula da ingancin kayayyaki, a wuyan tukunyar gas, wadda ta haura shekara 15 ko ta yi tsatsa a gindi a rabu da ita, kuma kada a bari a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi 20 cikin 100 saboda gas yana kumbura da zafi.

Akwai kuma wani kuskuren da nake gani ko a gidajen da aka yi aikin da kyau: mai aiki ya gama, ya yi wa maigida bayani a ƙofar gida, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, alhali maigidan ba ya shiga kicin. Ni ba na sallamarsa sai an kira uwargida da ƴan mata da mai aikin gida, ya nuna musu bawul na ciki da na waje, kowacce ta rufe ta buɗe da hannunta. A gaya musu cewa idan sun ji wari kada su taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada su kunna fanka, su rufe tukunya, su buɗe ƙofa da tagogi, su fitar da yara, sannan su yi waya daga waje. Lambar mai aikin da ta ƴan kwana-kwana nakan rubuta su da babban baƙi a bayan ƙofar kicin, a gefe kuma a rataye abin kashe gobara mai hoda, a duba ma'auninsa duk lokacin da aka canza tiyo.