Yadda ake gane tsoffin 'yan ruwan tangaran, da yadda ake tara su

Ranar da na fara riƙe ɗaya a hannuna, a wani gida ne da ake gwanjon kayan wata tsohuwa da ta rasu, nan jihar Ohio. Al'adarsu ce a Amurka, in dattijo ya mutu sai 'ya'ya su buɗe gidan kwana biyu ko uku, komai a manna masa farashi tun daga kujera har cokali. Na hau banɗakin sama, tayil ruwan hoda har rabin bango, sai ga ta rataye saman baho, 'yar ƙarama ba ta kai tsawon tafin hannuna ba, sama mace ƙasa kifi, wutsiyar koriya mai ƙyalli, gashi rawaya, ta rungume wani ɗan kifi kamar jariri, ga 'yan ƙwallaye uku a samanta alamar kumfar ruwa. Na cire ta daga jikin ƙusa na ji ba nauyi sam, na juya bayanta na ga wata 'yar sitika ja mai rubutun zinare duk ta koɗe. Tun daga ranar nake bin su, kuma abin da shekarun nan suka koya min shi ne fuskar 'yar ruwa kaɗai ba ta isa ba, bayanta ne ke fara magana.

A gida wasu Mamiwata suke kiranta, kuma na san akwai masu jin tsoron ko ganin hotonta. Waɗannan da nake magana a kansu ba su da alaƙa da tsafi ko bori, kayan adon banɗaki ne na Turawan Amurka na shekarun 1950 da 1960. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi ta gina sabbin gidaje a can, banɗaki ruwan hoda ya zama yayi, har ana danganta kalar da Mamie Eisenhower matar shugaban ƙasa na lokacin saboda son da take mata, toh sai mata suka dinga rataya kifaye da 'yan ruwa a bango. Batun ajiye siffar abu mai rai a ɗaki kuwa, wannan ki tambayi malaminki, ban ɗauke shi da wasa ba. Na san waɗanda saye da sayarwa kawai suke yi ba sa ratayawa, na san kuma wadda kumfar da bawon katantanwa kaɗai take tarawa.

Abu na farko, ki tabbatar tangaran ne ma tukuna. Kayan nan iri uku ne suke rikita sabon shiga. Akwai na tangaran, wanda aka gasa a wuta, yawanci cikinsa rami ne saboda ruwan yumɓu ake zubawa a akwatin zubi sannan a tsiyaye, shi ya sa ba shi da nauyi, in kika ƙwanƙwasa da farce za ki ji ƙara siririya kamar ta kofin shayi. Akwai na filasta, irin POP ɗin da ake silin da shi, wannan cike yake, ya fi nauyi, ƙararsa a dushe, in ya ɓantale za ki ga farin gari kamar alli, fenti ne kawai a kansa babu wannan santsin kamar gilashi, bayansa a shafe da 'yar waya da aka binne don ratayawa. Kamfanin Miller Studio na garin New Philadelphia a Ohio ya yi su da yawa, sau da yawa har da sunansu da shekara a gefe. Su ma tsoffi ne kuma suna da masu so, amma kasuwarsu daban. Na uku kuma na roba mai tauri, na zamani, wanda in kika ɗora a kumatu ba ya sanyi irin na tangaran. Wannan ki ajiye musu kayansu in aka ce miki tsoho ne.

In kin tabbatar tangaran ne sai ki juya. Mafi yawan masu daraja a Japan aka yi su, da yawa a wajajen garin Seto kusa da Nagoya, amma sunan da za ki gani a sitika na kamfanin Amurka ne da ya yi odar. Lefton na Chicago, wanda George Zoltan Lefton ɗan Hungary ya kafa a 1941, ya fara shigo da kaya daga Japan bayan yaƙi. Norcrest na Portland a jihar Oregon, na iyalan Naito ne 'yan asalin Japan. Napco na garin Bedford a Ohio tun 1938. Sai Enesco da ya zo a 1958, da Bradley. Waɗannan ba su da wutar gashin kayan nan, dillalai ne, shi ya sa za ki ga 'yan ruwa biyu kamar an tsaga kara amma sitika daban, masana'anta ɗaya ce ta yi wa kamfani biyu. Akwai kuma waɗanda a California aka yi su, irin Freeman-McFarlin da Ceramicraft, nasu ya fi kauri da girma, sun fi son zinare da 'yan duwatsu masu walƙiya.

Matsalar sitika ita ce, ki tuna a banɗaki suka yi shekara hamsin, tururin ruwan zafi kullum, yawancinsu sun ɓare. Don haka rashin sitika ba ya nufin jabu. Ki duba da kyau a hasken rana ko akwai tabon gam, zagaye ko mai siffar ƙwai, inda sitikar ta zauna, wurin ya kan fi sauran jikin fari. Sannan ki nemi hatimin tawada, baƙi ko ja ko kore, wani lokaci kalmar Japan ce kawai, wani lokaci lamba ce da harafi ɗaya ko biyu a gaba. Wannan lambar dukiya ce, ki rubuta ta a Google tare da sunan kamfanin da kike zato, sau da yawa za ki ga 'yar uwarta mai sitika.

Rubutun ƙasa ma yana ba da shekara. In kika ga "Made in Occupied Japan" toh tsakanin 1947 da 1952 ne, lokacin da sojojin Amurka ke riƙe da Japan. "Nippon" kuwa kafin 1921 ne, daga nan Amurka ta ce sai dai a rubuta Japan, kuma ana yawan ƙirƙirar hatimin Nippon na ƙarya, saboda haka in kika gan shi a bayan 'yar ruwan banɗaki mai kama da ta 1955 ki san da lauje cikin naɗi. Taiwan na nuna shekarun 1970 zuwa sama. "West Germany" tsakanin 1949 da 1990. In da kwalinta na asali kuma akwai lambar nan mai zane-zanen layi da ake haskawa a kanti, toh ba ta girmi 1974 ba.

Yanzu sai ki juyo fuskar, a nan ne nake daɗewa. Masu fentin Japan na lokacin da hannu suke yi kuma hannunsu ya faɗa, gashin ido siriri ɗaya bayan ɗaya kamar an ja da bakin allura, kumatu da ɗan ja wanda ya baje a hankali ba shi da iyaka, leɓe ɗan mitsitsi, yatsu a rarrabe, ɓawon wutsiya kowanne ya fito sarai. Wadda aka kwaikwaya, da yake daga jikin tsohuwa aka ɗauki zubinta, komai nata ya kan dushe, yatsu sun manne, wutsiya ta shafe, kuma ta ɗan fi ta asali ƙanƙanta saboda yumɓu na tsukewa in an gasa. Ido ya kan fito ƙato da baƙin fenti mai kauri. Wallahi in kika riƙe na asali goma, na sha ɗaya in jabu ce hannunki zai faɗa miki kafin idonki, don haka ki dinga zuwa shagunan tsoffin kaya kina taɓawa ko ba za ki saya ba.

Akwai wasu kuma ba jabu ba ne, aikin gida ne. A shekarun 1960 da 1970 matan Amurka sun yi yayin zuwa ajin tangaran, su sayi farar siffa su fente da kansu a gasa musu. Za ki gane su da sunan mace ko harufa biyu da shekara da aka karta a baya da tsinke, wani lokaci da sunan kamfanin zubi kamar Holland Mold ko Arnel's. Ina son su don akwai hannun mutum a ciki, amma kar ki biya kuɗin Lefton a kansu.

Wasu dillalai za su nuna miki 'yan layukan tsagewa a saman ƙyallin, kamar saƙar gizo-gizo, su ce shaidar tsufa ce. Ba hujja ba ce, zafi da sanyi ne ke kawo shi, ana ma iya yinsa da gangan, kuma rage daraja yake yi.

Gyara shi ne inda aka fi cutar mutane, ni ma an taɓa ni. Na sayi wata ta intanet, mai sayarwa ya rubuta babu karaya babu gyara, hotuna sun yi kyau, ta iso na buɗe ina murna, da daddare na haska ta da tocilar nan mai shuɗin haske irin ta duba jabun kuɗi sai ga layi zagaye da wuya yana ƙyalli daban, ashe kan ya taɓa cirewa aka manne aka bi da fenti. Abin ya ƙona min rai sosai don kuɗin da na ware ne wata biyu. Tun daga nan tocilar tana jakata. Wuraren da suke karyewa sanannu ne, wuya, hannu, bakin wutsiya, furen da ke gashi, da ramin ƙusa na baya. Ki bi su da farce a hankali, inda aka manne za ki ji ɗan tudu ko kaushi. Wani gam ɗin ba ya nunawa a tocila, don haka ki haɗa da farcen. In ta intanet ne, ki ce a turo hoton baya da na wuya kusa-kusa, wanda ya ƙi turowa ki wuce.

Ki kuma tambaya ko saitin ya cika. Da yawansu bibbiyu aka yi su suna kallon juna, ko uwa da 'ya'ya biyu, ko 'yar ruwa da kifi da kumfa uku. Kumfar nan ita ta fi ɓata saboda ƙanƙanta, shi ya sa wasu ke cike gurbi da sabbi, ki duba ko farin bayansu da kalar ƙyallinsu sun yi daidai da na uwar. Cikakken saitin Norcrest ko Lefton mai lafiya yana iya kai ɗaruruwan daloli, guda ɗaya mai ɓantare kuwa kaɗan ne. Don sanin farashi kar ki kalli abin da mutane suka saka a shafukan saye da sayarwa na intanet irin eBay ko Etsy, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ki danna wurin da ke nuna waɗanda aka riga aka sayar a eBay, nan ne gaskiyar kasuwa.

Akwai wani reshe da ya girmi waɗannan, ƙanana na Jamus daga yankin Thuringia na farkon ƙarni na 20, marasa ƙyalli, jikinsu kamar fatar ƙwai, da ake sakawa a tankin kifi, yawanci da kalmar Germany da lamba a karce. An kwaikwaye su ba kaɗan ba, shawarata ki bar su sai idonki ya nuna.

In za ki fara tarawa ki zaɓi hanya ɗaya, ko kamfani ɗaya ko na bango kaɗai, in ba haka ba kuɗi za su tafi a tarkace. Duk wadda ta taso ta ga yadda iyayenmu ke jere, langa da samira da tangaran saiti-saiti a kabet, ta san ɗaya mai kyau ta fi goma masu lam'a. Ki ajiye ɗan littafi ki rubuta inda kika saya da nawa da lambar baya. Kayan gwanjo da ake saukewa daga Turai da Amurka ma in kina kusa da masu buɗe su ki dinga leƙa kwalin tarkacen ado, don mai kaya sau da yawa tukwane da filet yake kallo.

Wanki kuwa ki yi hattara. Jan leɓe da wasu kaloli sau da yawa a kan ƙyallin aka shafa su ba a gasa ba, ruwa da sabulu na iya tafiya da su a minti ɗaya. Kar ki jiƙa, kar ki sa bilic ko soson ƙarfe, ki ɗauki burushi mai laushi ki kaɗe ƙura, in da datti ki ɗan jiƙa tsinken audugar goge kunne ki gwada a gefe tukuna, kuma ki kauce wa sitikar gaba ɗaya, ɓare ta asara ce. Na filasta ko ɗigon ruwa kar ya taɓa. Kar ki sa tsoffin nan a tankin kifi ko ki bar yaro ya kai baki, fentin wancan zamanin akwai mai dalma a ciki. In za ki rataya, banda banɗaki duk da can aka yi su dominsa, ki samu bango mara danshi wanda rana ba ta duka, ƙusa mai kai ki ɗan karkata ta sama. In kuma tafiya za su yi, kowacce ki naɗe ta da takarda mai laushi sannan leda mai kumburi, ki cusa wani abu tsakanin hannu da jiki da ƙarƙashin wutsiya, ki sa a ƙaramin kwali, ƙaramin ki sa shi cikin babba da tsumma ko takarda ta kowane gefe, ki girgiza, in kin ji motsi ki ƙara cikawa.