Shawara ga masu sha'awar farautar beyar a Amurka

'Yan uwa, kafin ku saɓa bindiga ku sani kowace jiha da dokarta, kuma lasisin wata jiha ba ya aiki a wata. A Maine an yarda a sa wa baƙar beyar abinci don jawo ta, har da farautarta da karnuka da tarko, amma Kalifoniya ta hana farautarta da karnuka tun 2013.

Montana kuwa sai ka ci jarrabawar bambance baƙar beyar da girizili (wata babbar beyar mai launin ruwan ƙasa) kafin a sayar maka da lasisi, domin a can girizili tana ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya tun 1975. Wannan dokar ta burge ni.

A Alaska, baƙon da ba ɗan ƙasa ba dole ya ɗauki jagora mai rajista, kuma kuɗinsa ba wasa ba.