Yadda ake soya nasi goreng ta fito wara-wara

Nasi goreng soyayyar shinkafa ce ta mutanen Indonesiya da Malesiya, kuma ma'anar sunan ke nan a harshensu. A 2018 ma'aikatar yawon buɗe ido ta Indonesiya ta sa ta cikin abincin ƙasa guda biyar. Abubuwa biyu ne suka bambanta ta da sauran soyayyar shinkafa: kecap manis, wato ruwan waken soya mai kauri da zaƙi, da terasi, dakakken jatan lande da aka tsima, wanda a Malesiya ake kira belacan.

Na mutum biyu, ki tanadi dafaffiyar shinkafa kofi 3, ƙananan jajayen albasa 4, tafarnuwa ƙwara 3, jan barkono 2, terasi ƙaramin cokali 1, tsokar kaza giram 150, mai babban cokali 3, kecap manis babban cokali 2, da ƙwai 2.

Shinkafar ta zama wadda ta kwana a firji. Sabuwar dahuwa tana ɗauke da danshi, tana shiga kasko sai ta caɓe. Ki shafa mai a hannu ki warware ta tun kafin ki kunna wuta.

Ki ɗan gasa terasi minti ɗaya, ki daka shi da albasa, tafarnuwa da barkono. A nan ake yawan yin kuskure: a soya jajjagen a matsakaiciyar wuta minti 3 zuwa 4, har ya yi duhu, mai ya taso. In aka yi gaggawa, ƙarnin terasi zai bi shinkafar; in wuta ta yi yawa, tafarnuwa ta ƙone ta kawo ɗaci.

Ki zuba kazar da kika yanka ƙanana, ta soyu. Sai ki ƙara wuta sosai, ki juye shinkafa, kina juyawa ba tsayawa. Kecap manis kuwa ta gefen kasko ake zuba shi, don zaƙinsa ya ɗan ƙonu kafin ya haɗu da shinkafa. Daga nan launin da ƙamshin suke fitowa. Bayan minti biyu ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, don terasi kansa yana da gishiri. Kada ki cika kasko, in mutane sun fi biyu a soya kashi-kashi.

Ƙwan a soya shi daban, gwaiduwar da ruwa-ruwa, a ɗora a sama, a jera kokwamba da tumatir a gefe.