Yadda ake sirance wutar ƙaramar na'ura har ta koma kamar sitika

Bara wani mai kai magunguna ƙauyuka ya shigo shagona da buƙata. Yana son abin da zai liƙa a jikin kwali, ya riƙa auna zafi yana tura wa wayarsa ta Bluetooth, kuma kada ya fi katin ATM kauri. Na ce masa, Alhaji, katin ATM milimita 0.76 ne, batirin CR2032 kuwa, wannan mai kama da kwabo da ke cikin rimot ɗin mota, shi kaɗai milimita 3.2 ne tun ba a sa masa gida ba. Muka daidaita a kan kaurin kati biyu. Abin da ya kai ni ga kayan lantarki da ake bugawa da tawada ke nan, ga kuma yadda nake bin aikin yanzu.

Kada ka fara da batir. Nan na yi kuskuren farko, na yi odar batir tun ban san cin wutar na'urar ba. Fara da auna abin da take ci. Idan Wi-Fi ka ɗora mata, irin ayisin ESP32 (ayisi, wato IC, shi ne ɗan guntun lantarki da ke gudanar da aikin na'ura), to ka manta da batir siriri, domin lokacin aika saƙo yakan ja sama da miliamp 200. Ni na koma ayisin nRF52832 na kamfanin Nordic da ke Norway: yana jan wajen miliamp 5 idan yana aikawa, idan ya yi barci kuma kusan maikro'amp 2. Mitar hannu ba ta kama irin wannan tsalle, kafin lambar ta sauya an gama aikawa. Power Profiler Kit II na kamfanin nake amfani da shi, yana zana maka komai a kwamfuta.

Sai lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Tawa tana farkawa sau ɗaya duk daƙiƙa 10, ta yi magana na milisakan 3. Miliamp 5 na wannan ɗan lokaci, in ka baza shi a kan daƙiƙa 10, maikro'amp 1.5 ne. Ƙara na barci da na ma'aunin zafi, ka ce 5 gaba ɗaya. Da wannan ci, batir mai 10 mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) zai yi awa 2,000, wato kwana 83. Tafiyar kwalin Alhaji ba ta wuce mako uku, ka ga ashe CR2032 mai wajen 220 mAh ɗaukar buhu ne don cin tuwon dare ɗaya.

Batirin da ake bugawa yawanci na tutiya da manganis ne, dangin batirin tocila, sai dai an shimfiɗa shi a kan leda, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kuma yana lanƙwasuwa. Enfucell a Finland na yin sa, haka Blue Spark a Amurka, waɗanda suka sa nasu a cikin TempTraq, filastar auna zazzaɓi da ake liƙawa a hamata. Kowane ɗaya bolt 1.5 yake bayarwa, ayisin kuma ba ya tashi ƙasa da 1.7, don haka biyu za ka jera su ba ka 3. Hanyar buga shi ita ce dai ta masu buga rubutu a jikin riguna: raga a kan firam, a zuba tawada, a ja da roba. Amma batirin kansa saye nake yi, ba na haɗa sinadaransa a shago.

Inda zai ba ka kunya shi ne lokacin da rediyo, wato sashen da ke aika saƙon Bluetooth, ta buɗe baki. Batirin nan kamar famfo ne mai ɗigo: zai cika maka tulu in ka yi haƙuri, amma ba ya iya kwarara. Na ga na'urata tana aiki lafiya kwana tara, a na goma ta fara mutuwa tana tashi, alhali mita na nuna batir da sauransa. Tsufa ya sa ƙarfinsa na faɗuwa daidai lokacin aikawa. Maganinsa kafasita a gefen ayisi, ta tara a hankali ta bayar a tashi ɗaya. Miliamp 5 sau milisakan 3, a raba da bolt 0.2 da na yarda ya sauka, ya ba ni maikrofarad 75. Mai 100 guda ɗaya ta yi kauri, sai na jera sirara masu 22 guda shida. Na ƙara yawan ne da gangan, domin kafasitar siramik tana rage ɗauka idan wuta na kanta. Irin mai gwangwani kuwa kada ka kusance ta, yoyonta kaɗai zai iya kai abin da na'urar ke ci.

Hanyoyin wuta da tawadar azurfa ake buga su a kan ledar PET, a gasa a zafin da bai wuce 120 zuwa 150 ba a ma'aunin Selsiyos. Azurfar tawada ba ta kai jan ƙarfe saurin wucewar wuta ba, don haka layin da ya fito daga batir ka faɗaɗa shi, ka gajarta shi, ka auna da mita bayan gashi. Ranar farko hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗora ƙarfen dalma a kai. Ledar ta tattare kamar ganda a wuta, aikin mako guda ya tafi. Da gam mai azurfa ake liƙa kaya, ko dalma mai bismut da ke narkewa a 138. Bayan nan ka ɗiga gam mai tauri a kan ayisi, don in an lanƙwasa sitikar kada ƙafafunsa su ɓalle.

Idan na'urar ta zaman ɗaki ce, ba ta tafiya ba, akwai sola da ake bugawa don hasken cikin gida, irin ta Epishine a Sweden ko Dracula Technologies a Faransa. Kada ka auna ta da farantin kan kwano, 'yan maikrowat take bayarwa a kowane santimita murabba'i. Tawa na cin maikrowat 15 dare da rana, in haske na awa 10 ne ana bukatar 36 lokacin da yake nan, ka ƙara rabi saboda asara. Tsakaninta da ma'ajin wuta sai ka sa ayisi mai tattarawa, kamar BQ25570 ko AEM10941. Kuma ka yi lissafin kwanakin da za a ɗauke wuta a rufe sito, ba awa 10 na takarda ba. Na Alhaji dai cikin duhun mota yake kwana, sola ba ta da amfani a wurinsa.

Gwajin ƙarshe yanayinmu ne ke yin sa. Akwai ruwa-ruwa a cikin batirin tutiya, zafin Afrilu da ke haura 40 yana busar da shi idan bakin ledar bai rufu da kyau ba. Da damina kuma laima kan sa azurfa ta yi rarrafe tsakanin layuka biyu masu kusa har ta haɗa su. Shi ya sa nake buga tawadar kariya a kan layukan, in ba su tazara, in rufe duka da leda ta biyu. Daga nan in liƙa guda uku a cikin but ɗin motata na mako biyu, uku kuma a jikin randa inda take gumi. Wadda ta fito tana magana, ita nake kai wa mai kaya.