Abin da za ka duba idan kaset ɗin ajiya ya cika da wuri

Wani ƙanena da muke aiki tare a Samaru ya same ni rai a ɓace, wai kaset ɗin adana bayanan kwamfuta da aka sayar mana na jabu ne. A kwali an rubuta terabait 30, manhajar ajiya kuma ta ce ya cika tun bai kai 12 ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kaset ɗin lafiyarsa ƙalau.

Fara da lambobi biyun da ke jikin kwalin. Ainihin abin da irin kaset ɗinmu, wanda ake kira LTO-8, yake ɗauka terabait 12 ne. Talatin ɗin nan lissafi ne na in injin da ke rubutu a kaset ɗin ya matse bayanan ninki biyu da rabi. Rubutu da jadawalin lissafi suna matsuwa sosai. Mu kuwa kayanmu bidiyon biki ne da na hawan sallah, sai hotuna, MP4 da JPEG, waɗanda tun daga kyamara a matse suke fitowa. Buhun da aka riga aka danna aka ɗinke, ina zai ƙara shiga? In irin kayanka ke nan, yi lissafi da ƙaramar lambar.

Ita ma 12 ɗin, manhaja kan nuna ta wajen 10.9, domin kamfani da dubu-dubu yake ƙirga, kwamfuta kuma da 1024.

Sai batun kulle bayanai da lambar sirri. In manhajar ce ta kulle kafin ta aika, injin ba zai iya matse komai ba, ko da rubutu ne zalla. Bar wa injin wannan aikin. Tun daga tsohon samfurin LTO-4 yana matsewa tukuna, sannan ya kulle.

Abin da ya fi damuna a Zariya ƙura ce. Injin yana karanta duk abin da ya rubuta nan take, in bai fito daidai ba ya sake rubuta shi a gaba. Kowane maimaici yana cin wuri, ba tare da ka sani ba. Da hunturu, in buji ya taso, kan injin, wato ɓangaren da ke rubutu da karatu, yakan yi datti, sai ka ga kaset na cika da wuri. Rufe tagogi, ajiye kaset a cikin gidansa, ka sa kaset ɗin gogewa da zarar injin ya nema. Duba rahoton manhaja kuma: in kurakuran rubutu suna ƙaruwa a kaset guda, yi masa ritaya, kada ka ji tausayin kuɗinsa.

Kada kuma ka bar injin yana jiran bayanai daga hanyar sadarwa mai tafiyar hawainiya. Tsayawa da komawa baya da yake yi in bayanai sun yanke masa suna cinye kaset da kan injin. Tara komai a faifan kwamfuta, sannan ka tura gaba ɗaya.

Ƙanen nawa yanzu littafi gare shi, yana rubuta abin da kowane kaset ya ɗauka. Da wannan adadin muke sayen na wata mai zuwa.